Maiɗakina da mahaifina duk an ce zuciyarsu ta gaza: ciwo ɗaya ne, kuma dashe zai yi mata?

Wani magidanci daga Rigasa, nan cikin Kaduna, ya aiko da tambaya mai tsawo, ga taƙaitawarta. Maiɗakinsa, mai shekara 27, ta yi haihuwa ta huɗu. Mako biyar bayan suna ƙafafunta suka kumbura, tari ya hana ta barci, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Da aka ɗauki hoton zuciya sai aka ce ƙarfinta kashi 28 ne cikin 100. Mahaifinsa kuma, mai shekara 68, ya shekara uku yana shan maganin gazawar zuciya. Yana so ya sani: ciwo ɗaya ne? Me ya sa magungunansu suka bambanta? Kunun kanwa da wankan jego ne suka jawo mata? Dangi sun fara maganar a haɗa kuɗi a kai ta Indiya a yi mata dashen zuciya, shi kuma an ce masa dashe bai cika karɓar mata ba. Gaskiya ne?

Malam, Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa Baba sauƙi. Ka yi tambaya a kan kari, domin wata shida zuwa goma sha biyun da ke gabanku su ne suka fi komai muhimmanci a wannan ciwo.

Ciwonsu ba ɗaya ba ne, ko da yake suna ɗaya aka faɗa muku. Wanda ya taso daga Zariya da wanda ya taso daga Kachiya za su iya haɗuwa a Kasuwar Gumi, amma ba hanya ɗaya suka biyo ba, ba kuma ta hanya ɗaya za su koma gida ba. Haka gazawar zuciya take. Ma'anarta kawai zuciya ta kasa tura jinin da jiki ke bukata, sai ruwa ya taru a baya, a huhu ya kawo tari da haki, a ƙafa da ciki ya kawo kumburi. Lambar nan 28 kuwa ba wai saura kashi 28 na ranta ba ne, kamar yadda na sha ganin dangi sun ɗauka sun fashe da kuka a bakin ƙofa. Babban ɗakin hagu na zuciya yakan cika da jini, ya matse, ya harba wani kaso ya bar saura. Lafiyayyar zuciya kashi 55 zuwa 70 take harbawa a kowane bugu. Ta maiɗakinka tana harba wajen rabin hakan. Rauni ne babba, amma lamba ce mai iya hawa.

Na Baba ba zan daɗe a kansa ba. A Turai da Amurka abin da ya fi kai maza ga wannan hali shi ne toshewar jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya, kuma yakan same su da wuri fiye da mata. A wajenmu hawan jini ne kan gaba. Wani bincike da aka buga a 2012 a kan majinyata 1,006 daga ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya nuna kusan rabinsu hawan jini ne ya gajiyar da zuciyarsu, matsakaicin shekarunsu 52 kacal, kuma mata rabi ne cif a cikinsu. Dattijo mai shekara 68 da ya daɗe da ciwon, mafi kusa shi ne hawan jini na shekara da shekaru ya cinye ƙarfin tsokar. Irin wannan lallaɓa shi ake yi da magani har iyakar rai.

Na maiɗakinka kuwa namiji ba ya yin sa. Raunin tsokar zuciya ne da ke zuwa a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko na jego, ga macen da zuciyarta ƙalau take a da. Ciki da kansa yana ƙara yawan jinin jikin mace da kashi 40 zuwa 50, zuciya ta yi wata tara tana ɗaukar kayan da ba ta saba ba, sannan bayan haihuwa sinadaran jiki su juya cikin 'yan kwanaki. Yawancin mata zuciyarsu takan wuce wannan lafiya. Wasu kuwa tsokar sai ta saki, ɗakin ya buɗe ya yi faɗi kamar tsohon salka.

Ka sani, wannan ciwo namu ne fiye da na kowa a duniya. A Zariya an yi nazarinsa filla-filla, a shekarun 1970, lokacin da Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson suke asibitin Jami'ar Ahmadu Bello. Sun ga masu jego suna ta zuwa a kumbure, suka kuma lura da abin da ka ambata: kunun kanwa, wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Suka danganta ciwon da waɗannan al'adu, aka shekara wajen arba'in ana koyar da ɗaliban likita haka. Ni ma haka aka koya mini.

Sai dai ilimi ya matsa. Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike da ya haɗa asibitoci daga sassan Najeriya, aka buga sakamakonsa a 2020. A Kano an samu ciwon a haihuwa ɗaya cikin kowace 96, lambar da ta yi daidai da abin da aka taɓa samu a Sakkwato, ɗaya cikin 102. A Amurka ɗaya ne cikin dubbai. Mafi yawan majinyatan daga Arewa maso Yamma suka fito. Amma da aka gwada masu ciwon da lafiyayyun masu jego, ba a ga cewa kanwa ko wankan jego ne ya raba su ba, domin duka ɓangarorin biyu suna yi. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatu, rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. A wani aikin nasa kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. A taƙaice talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki sun fi kanwa laifi.

Don haka kada ka koma gida ka ɗora wa Hajiya ko surukarka alhakin abin da ya faru. Da ƙauna suka dafa ruwan nan. Amma kuma daga yau a daina. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma zuciyar da ke harba 28 ba ta da wurin ajiye ƙarin ruwa. Zafi mai tsanani yana buɗe jijiyoyi ya sa zuciya gudu, ita kuwa hutu take nema. Ruwa mai ɗumi ya ishe ta wanka. Gishiri da magi ma a rage su sosai a miyarta. Idan faɗar hakan zai yi maka nauyi a gaban manya, ka zo da su asibiti su ji daga bakin likita, na ga hakan ya fi shiga.

Inda al'ada ta fi cutar da mata a ganina ba a kofin kunu ba ne, a fassarar alamomi ne. Ba na manta wata yarinya da aka kawo mini kwana talatin da haihuwa, lallen suna bai gama goguwa a ƙafarta ba, amma ƙafar ta cika har zanen ya baje. Na danna babban yatsana a ƙwaurinta, na ɗaga, ramin ya zauna kamar an danna kullu. Na tambaye ta yadda take barci. Ta ce ta kwana goma sha biyu a zaune kan darduma, bayanta a jikin bango, jariri a cinya, don da ta kwanta sai ta ji kamar an danne ta cikin ruwa. Na ce me ya hana a kawo ta? Wadda ta rako ta ta ce sun ɗauka sanyi ne ya shige ta, sai suka ƙara zafin ruwan wanka. Da namiji ne ya kwana goma sha biyu a zaune, da tun dare na biyu an nemo mota. Mai jego kuwa duk abin da ta ji sai a ce ai jego ne, ita ma kunya ta hana ta yawan ƙorafi. Wannan jinkirin yana cin rai, kuma ba mu kaɗai ke da shi ba: a ko'ina a duniya an lura mata sukan isa hannun likitan zuciya a makare fiye da maza.

Ga abin da jinkiri ke haifarwa a lamba. A wani bincike na Amurka da aka buga a 2015 a kan mata 100 masu wannan ciwo, kashi 72 zuciyarsu ta dawo daidai cikin shekara guda. A binciken Najeriya da na ambata, waɗanda suka warke sarai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar ta rasu cikin ƙasa da shekara biyu. Na faɗa maka wannan ne don ka ɗauki abin da girmansa, ba don in karya maka gwiwa ba. A cikin binciken nan ɗin dai, waɗanda suka riƙe shan maganin rage gudun zuciya ba fashi sun fi tsira nesa ba kusa ba. Wannan kuwa abu ne da ke hannunku.

Yanzu maganar bambancin magani. Ginshiƙan maganin zuciya mai raunin harbawa iri ɗaya ne ga mace da namiji: dangin enalafiril da lisinofiril, dangin bisofurolol da kabedilol masu rage gudun zuciya, sifironolakton, sabbin magungunan nan da aka fara yi don ciwon suga irin su dafagiliflozin, sannan Lasix mai fitar da ruwa ta fitsari. Amma macen da ke shayarwa kuma za ta iya ɗaukar ciki, dole a tace mata. Dangin enalafiril da losatan suna lalata ƙodar ɗan tayi, ba a shan su da ciki ko kaɗan. Bayan haihuwa kuwa enalafiril da kaftofiril ba sa cutar da jariri mai shan nono, shi ya sa ake zaɓarsu. Sabbin magungunan sukan jira sai an yaye. Tari busasshe da wannan dangin magani ke kawowa ya fi damun mata. Sifironolakton kuma maza yake damu, yakan kumbura musu nono ya yi ciwo, wajen ɗaya cikin goma, ƙila Baba ya taɓa yin wannan ƙorafi. Jinin mai jego yana da saurin daskarewa, ga zuciya ba ta harbawa sosai, sai gudan jini ya taru a ciki ya tafi ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa za ka ga an ba ta maganin tsinka jini alhali Baba ba ya sha.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini rai. Manyan gwaje-gwajen da aka gina maganin gazawar zuciya a kansu, mata ba su wuce kashi 20 zuwa 25 na waɗanda aka gwada ba. Wato da jikin namiji aka auna yawan ƙwayar da kowa zai sha. Da aka koma aka sake duba bayanan gwajin digoksin, wani tsohon maganin zuciya, a 2002, sai aka ga mutuwa ta ɗan fi yawa a matan da suka sha shi, daga baya aka gane yawansa a jini ne matsalar, domin jikin mace ya fi ƙanƙanta kuma ƙodarta ba ta fitar da shi da sauri kamar ta namiji. Digoksin yana da araha, ana yawan rubuta shi a nan, don haka idan yana cikin nata ka lura: tashin zuciya, amai, rashin son abinci ko ganin abubuwa rawaya-rawaya alamar ya yi yawa ne. Wani nazari na 2019 kuma ya nuna mata suna samun cikakkiyar fa'idar wasu daga cikin ginshiƙan nan tun a wajen rabin awon da maza ke bukata. Wannan ba izini ba ne ta rage ƙwaya da kanta. Abin da nake ɗauka a ciki shi ne idan jiri ya hana a kai ta ƙololuwar awo, ba a yi asara ba.

Ƙila ka ji labarin buromokiriftin. Masu bincike a Jamus sun gano a 2007 cewa wani guntun sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya cutar da tsokar zuciya, aka gwada buromokiriftin ɗin, maganin da ke tsayar da sinadarin, a Afirka ta Kudu a 2010 aka ga alamar amfani. Amma yana ƙafar da nono gaba ɗaya, kuma sai an haɗa shi da maganin tsinka jini. A gidan da madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu kuma ruwan sha ba tabbas, ƙafar da nono na iya ceton uwa ya jefa jariri cikin gudawa da tamowa. Ni ina ajiye shi ga wadda ciwonta ya yi tsanani ƙwarai, bayan an zauna da ita da mijinta an yi lissafin gaskiya. Sannan ka kiyaye ta daga magungunan ciwon jiki na kemis irin dikulofenak da ibufurofen, suna riƙe ruwa su taɓa ƙoda. Wannan har Baba ya shafa.

Malam, ga magana mafi nauyi, kuma kai ne za ka iya sauƙaƙa mata ita. Kada ta ɗauki wani cikin yanzu. Idan lambar ba ta koma 50 ko sama ba, sabon ciki yana iya kashe ta, ba na sassauta wannan kalma. Ko ta koma daidai, ciwon na iya dawowa, sai an shirya an canza magunguna an sa ido tun watan farko. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin isturojin ba su dace da ita ba saboda daskarewar jini. Ashanar hannu ko robar mahaifa su ne suka fi aminci. Na ga mata da dama sun dawo da ciki wata takwas bayan mun sallame su, ba don ba su ji bayani ba, sai don ba su da bakin faɗa a gida, ko suna tsoron a ce sun gaza a yi musu kishiya. Idan kai ka riga ta furta cewa ranta ya fi maka wani ɗan, ka ɗauke mata rabin ciwon.

Bari in ɗan ratse, tunda kana da iyaye mata a gida. Akwai wata gazawar zuciyar da ta fi kama mata, musamman bayan sun daina al'ada, wadda lambar harbawa takan fito daidai, 55 ko 60. Tsokar ba ta yi rauni ba, tauri ta yi, ba ta sakewa ta cika da jini yadda ya kamata. Zuciyar namiji idan hawan jini ya matsa mata ta fi yawan buɗewa ta saki, ta mace kuwa ta fi yawan yin kauri ta ƙanƙance. Ƙiba da ciwon suga suna ƙara wutar, kuma tun 1974 binciken Firamingam na Amurka ya nuna suga yana ninka haɗarin gazawar zuciya sau biyu ga namiji, sau biyar ga mace. Ina sabon likita na taɓa sallamar wata dattijuwa da ta ce haki na hana ta kai ruku'u, na ga hotonta ya nuna 60 na ce mata zuciyarta lafiya lau, tsufa ne da nauyin jiki. Bayan mako uku aka dawo da ita cikin dare huhunta cike da ruwa. Ta rayu, amma har yau idan na tuna yadda ta yi mini godiya a ranar da na sallame ta sai jikina ya yi sanyi. Irin wannan sai a 2021 da 2022 aka samu magungunan da gwaji ya tabbatar suna rage kwanciya asibiti saboda ita. Ban da wannan, ƙanƙancewar ƙofar zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta ta fi yawa a mata kuma ciki ne yakan tona ta, wasu magungunan sankarar mama suna raunana zuciya, akwai kuma wani rauni na farat ɗaya da ke biyo bayan mummunan tashin hankali kamar rasuwa, wanda aka fara bayyanawa a Jafan a 1990, tara cikin goma na masu yin sa mata ne manya.

To, dashe. Abin da aka faɗa maka akwai gaskiya a ciki akwai ƙari.

Dashen zuciya na farko a duniya a nahiyarmu aka yi shi, ranar 3 ga Disamba 1967, a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, a hannun Dakta Kiristiyan Banad. Zuciyar wata budurwa ce mai shekara 25 da mota ta buge aka sa wa wani magidanci. Ya kwana 18 ya rasu da ciwon huhu, saboda magungunan danne garkuwar jiki sun bar shi ba kariya. Ka ga tun ranar farko zuciyar mace ta yi aiki a ƙirjin namiji, don haka maganar cewa ba a haɗa mace da namiji a dashe ba ta da tushe. Abin da shekaru suka nuna shi ne wannan haɗin, zuciyar mace a jikin namiji, shi ne ya fi yawan samun matsala, kuma babban dalili girma ne. Zuciyar mace takan kai giram 250 zuwa 300, ta namiji 300 zuwa 350, ƙaramar zuciya kuwa takan sha wuya a babban jiki. Shi ya sa yanzu ake lissafa nauyin zuciyar mai bayarwa da ta mai karɓa daga tsawo da nauyi da shekaru da jinsi kafin a haɗa.

Wahalar mace a dashe daga wani wuri take zuwa, kuma ta shafi maiɗakinka kai tsaye. Kowane ɗa da ta ɗauka yana ɗauke da rabin alamomin jikinka, waɗanda baƙi ne ga jikinta. Garkuwar jikinta takan gane su ta ƙera musu makamai ta ajiye. Ƙarin jini ma haka yake yi. Macen da ta haihu huɗu, wataƙila an taɓa ƙara mata jini, tana iya kasancewa da makaman da za su far wa zuciyoyin mutane da yawa. Sai waɗanda za su dace da ita su ragu, jiranta ya yi tsawo, kuma bayan dashen jikinta ya fi saurin yunƙurin ƙin baƙuwar zuciyar. An lura wannan ya fi tsanani ga waɗanda ciwon jego ne ya kai su ga dashe. A ɗaya ɓangaren, matan da suka tsallake shekarar farko sukan ɗan fi maza daɗewa, toshewar jijiyoyin sabuwar zuciya da sankara ba su cika kama su kamar maza ba. Gaba ɗaya, rabin manyan da aka yi wa dashe sukan wuce shekara 12. Duk da haka a duniya mata kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu samun dashen, alhali su ne rabin masu gazawar zuciya. Wani ɓangare na dalilin shi ne da yawansu irin ciwon dattijuwar nan ne da su, wanda ba a yi wa dashe. Sauran kuwa makaman garkuwa ne, da ƙanƙantar jiki, da kuma rashin tura su wurin ƙwararru da wuri, wanda laifinmu ne mu likitoci da iyalai.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta dashen gaɓoɓi bisa sharuɗɗa a zamanta na Jidda a 1988, ta kuma haramta sayar da su. Matsalar ba nan take ba. A Najeriya ana dashen ƙoda, a Kano ma an fi shekara ashirin ana yi, domin ɗan'uwa na iya ba da ɗaya ya rayu da ɗaya. Zuciya kuwa sai daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu yana kan injin numfashi, kuma daga cire ta zuwa dasa ta awa huɗu ne zuwa shida. Ba mu da tsarin karɓar gaɓoɓin mamata, don haka ba a dashen zuciya a ƙasar nan. A Indiya ana yi, amma ƙa'idarsu ita ce baƙo ba ya samun zuciya sai an rasa ɗan ƙasa da ta dace da shi. Ma'ana ba zuwa za ku yi a yi aiki ku dawo ba. Zama za ta yi kusa da asibiti wata da watanni tana jira, nesa da jaririnta, ba tare da alkawarin komai ba. In an dace an yi, sai shan magungunan danne garkuwa kullum har ƙarshen rai, da awon yawansu a jini, da gutsuro naman zuciya lokaci-lokaci a duba, a ƙasar da tarin fuka ke yawo. Ɗaya daga cikin magungunan, maikofenolet, yana nakasa ɗan tayi, don haka maganar haihuwa ba ta ƙare da dashe ba.

Abin da ya fi duk wannan shi ne ba a ma kai wurin ba. Ba a yanke hukuncin dashe ga mai ciwon jego mako biyar da farawa, sai fa wadda ke kwance rai a hannun Allah magani ya kasa riƙe ta. Wannan na cikin nau'o'in gazawar zuciya ƙalilan da tsoka ke iya farfaɗowa, wani lokaci cikin wata shida, wani lokaci har shekara biyu. Cire zuciyar da za ta iya warkewa asara ce. Kuɗin da dangi ke son haɗawa, ku roƙe su su haɗa ɗin, amma a sa shi inda zai yi aiki: maganin shekara guda da ba zai yanke ko na kwana ɗaya ba, hoton zuciya a wata na uku da na shida da na goma sha biyu, awon ƙoda da gishirin jini duk sanda aka ƙara ƙwaya, ƙwai da kifi da wake da nama a kwanonta, da wata 'yar'uwa da za ta zo ta ɗauke mata ɗiban ruwa da wanki da hidimar yara uku.

Ku tabbata likitan zuciya ne ke bin ta, ba duk wanda aka tarar a ɗakin duba marasa lafiya ba. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan cikin gari da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika duk ana ganin irin wannan. Ku sayi ma'aunin nauyi ta riƙa hawa kowace safiya bayan ta yi fitsari, ana rubutawa a littafi. Ƙarin kilo biyu cikin kwana uku ruwa ne, ba ƙiba ba, a kira likita a ranar. Ko ta ji garau kada ta ajiye magani, domin kumburi yakan sauka tun kafin tsoka ta warke, kuma a nan ne na fi rasa majinyata. Idan kuwa haki ya kama ta tana zaune, ko ta yi tari da kumfa mai ruwan hoda, ko ta suma, ko bakinta ya karkace ko hannu ya saki, kada a jira gari ya waye.